Shekarar da Kabewa Ta Cika Ɗaki

Abin da zan gaya muku ya faru ne a shekarar da tsohon Sarki ya rasu a Kano, damina biyu kafin zuwan Sarauniyar Turawa. Ina goyon Asabe a lokacin, Garba kuwa bai daɗe da iya gudu ba. Muna zaune a gidanmu na Achika, mu shida: ni, da babanku, da mahaifiyarsa da muke ce wa Iya, da yara uku. Na san biyu kawai kuka sani a cikin manyan 'ya'yana, ta ukun a bakin mutane kuke jin ta. Na ji abin da ake faɗa, kunnena bai mutu ba. Wai Tabawa ta ba da 'yarta saboda kabewa, wai ko ɗaga kai ba ta yi ba ranar da aka tafi da ita. Matan unguwa har suna suka sa mini, Tabawa Mai-awo, kuma ya bi ni har tsufa. Shi ya sa na zaunar da jikata ta rubuta yadda aka yi, daga bakin wadda aka yi a hannunta.

Sunan yarinyar Hansatu, ana ce mata Hansai. Ita ce 'yata ta fari, kuma a zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Kunya ce, da ita aka haife mu. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuma Tabawa take ce mini, yadda ta ji Iya tana faɗa, domin a ɗakin Iya take kwana tun da aka yaye ta. Ta kai shekara shida a lokacin. Baƙa ce siririya, ga surutu, duk abin da ta ga babba yana yi sai ta kwaikwaya.

Ni kuwa abin da aka san ni da shi hannu ne. Uwata ce ta koya mini tun ina ƙarama. Takan ɗora mini ɗan dutsen niƙa a tafin hagu, ta ɗora kabewa a na dama, ta ce in rufe ido in gaya mata wanne ya fi jan hannu. Kabewar kirki in ta kai girman kan mutum, dole ta rinjayi dutsen. In ba ta rinjaye shi ba, to cikinta kogo ne da ruwa da 'ya'ya. Har na yi aure ban taɓa yanka kabewa ban san abin da za ta ba ni a tukunya ba. In ana biki a unguwa za a yi miyar taushe, ni ake kira in ɗaga in ce guda nawa za a yanka. Iri biyu muke da su. Akwai mai dogon wuya, ƙarama, wuyanta duk tsoka ne, ɗan kogonta a gindi kawai yake. Akwai kuma ƙatuwa mai kama da tulu. Ni mai wuyan nake shukawa a gindin danga. A shekarar nan babanku ya samo irin ƙatuwar a kasuwar Juma'a ta Wudil, ya zuba shi a gonar bayan gida.

Sai ruwa ya zo. Mun saba jin tsoron fari, ba mu san ruwa ma yana kashe gona ba. Ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, kogi ya cika ya haura fadama, gero ya kwanta a cikin laka ya yi baƙi, dawa ta yi tsawo ta ƙi fitar da kai. Da kaka ta yi, abin da muka girbe ƙasan rumbu kawai ya rufe. Amma kabewa ta yi haukan da ban taɓa gani ba. Ta cinye gonar bayan gida, ta haye danga, ta hau jinka. Wata sai mutum biyu sun kama. Babanku ya kwashe kayan ɗakin ajiya ya jera ta tun daga ƙasa har ta kusa taɓa rufi, ya riƙa kiran maƙwabta su zo su gani.

A cikin wannan ne yayata Delu ta zo daga Darki. Delu ba ta taɓa haihuwa ba. Tun ranar yayen Hansai ta nemi a ba ta riƙo, kamar yadda ake yi da ɗan fari, Iya ce ta tare ta hana. Wannan karon sallama ta zo yi. Ita da mijinta Malam Ilu za su tafi Makka ta ƙasa, suna tafiya suna aiki a hanya. Shi wanzami ne, duk garin da ya ajiye zabirarsa sai an ci tuwo a gidansa. Bayan an gama gaisuwa ta dubi babanku.

"Malam, na sake dawowa da roƙona. Bana kowa ya ga yadda gona ta yi. Ku ba ni yarinyar nan in rage muku baki ɗaya, in Allah ya dawo da mu in kawo muku ita Hajiya."

Babanku ya yi dariya, ya tashi ya ɗage asabarin ɗakin ajiya.

"Yaya Delu, leƙa ki gani. Gidan da ke da wannan ne za a rage wa baki? Ko ke da Malam Ilu kuka zauna mun ci da ku har tumu."

Iya ta jawo Hansai jikinta ta ce, "Wannan mai cinye mini rabon tuwo? Ku bar mini abata, ni na san yadda nake fama da ita."

Aka yi dariya, Delu ta ce ba za su tashi ba sai sanyi ya ja baya, in an sake shawara a aika mata. Ni kuwa ba hurumina ba ne in yi magana a kan 'yar fari. Amma tun ranar da aka shigo da kabewar nan hannuna yake gaya mini abin da ba na so in ji. Duk wadda na ɗaga sai ta taso mini da sauƙi kamar ƙwaryar da babu komai a ciki. In na ƙwanƙwasa ta sai ta amsa kamar ganga.

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko ƙatuwa guda da mai wuya guda wadda ba ta kai rabinta ba, na ɗauko ɗan dutsen niƙa. Babanku yana zaune yana gyaran fartanya.

"Yau kuma sikelin 'yan gyaɗa kika zama?" in ji shi.

"Malam, ɗaga wannan, ka ɗaga wannan."

Ya ɗaga, ya ce ai ƙatuwar ta fi nauyi, ko makaho ya sani. Na ce ta fi, amma da nawa? Ta ninka ƙaramar uku a ido, a hannu kuwa da ƙyar ta ɗara ta. Na sa wuƙa na fasa ƙatuwar. Cikinta kogo ne da za ka sa kan yaro, tsokar ba ta fi kaurin yatsa biyu ba, fara-fara, ruwa yana bin wuƙa. Na fere ta, na yanka gutsu-gutsu, ta cika babbar ƙwarya har ta yi tozo. Mai wuyan da na yanka rabin ƙwaryar kawai ta kai. Babanku ya ce to kin gani. Na ce a jira tukunya. Na dafa kowacce daban, da ruwa daidai, da wuta daidai. Da na sauke na tsiyaye, ƙatuwar nan da ta cika ƙwarya ta narke ta koma ƙoƙo biyu, salam, ba zaƙi ba danƙo. Mai wuyan ta ba ni ƙoƙo biyu da ludayi, ja wur, ludayi yana tsayawa a cikinta. Na jera su a gabansa.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Guda ɗaya kika fasa. Sauran ba haka suke ba."

Haka suke. Kafin wata ya zagayo na ƙasa suka fara laushi, ɗakin ya fara tsami, ƙananan ƙudaje suka cika shi. Kabewar da ta sha ruwa ba ta ajiyuwa. Dole muka fitar da ita duka, ni da Iya muka zauna muna ferewa muna yankawa sala-sala muna shanyawa a kan danga da jinka da tabarmi. Hannuwanmu suka tsattsage saboda ruwanta. Hansai tana korar awaki da kara tana waƙa. Rana ta yi aikinta. Abin da ya cika ɗaki har rufi, da ya bushe ya ƙanƙance kamar tsohuwar fata, na tattara shi a randa ɗaya da rabi. Ranar da babanku ya leƙa randunan ya koma ya leƙa ɗakin da babu komai sai ƙasa, bai ci abinci ba.

Daga nan na yi awon da ya jawo mini suna. Na sa aka sussuke hatsin rumbu duka, na ware iri, na auna sauran da mudu. Na ɗauko ƙaramin ƙoƙon Iya na gwada busasshiyar kabewa a ruwa, na ga iya kumburin da take yi, na ga gari nawa take buƙata kafin ta zama faten da zai riƙe ciki. Sannan na shiga kasawa a kan tabarma, kowane kashi abincin gida ne daga Juma'a zuwa Juma'a. Ina kasawa ina lissafin watanni a kaina: sanyi, bazara, shuka, noma, har ranar da za a karyo tumun farko a gasa. Kashin ya ƙare tun shuka ba ta kai gwiwa ba. Na tattara na sake. Na cire babanku na tsawon rani, tunda zai shiga birni ga-ruwa. Na daina yin tozo, na riƙa shafe bakin ƙoƙon da yatsa. Na sa tafasa da rama da za su fito in ruwa ya sauka. Na rage nawa har inda na san in na ƙara ragewa nono zai ƙafe Asabe ta mutu. Duk da haka sai ga wata guda da ɗoriya a tsaye, babu ko kashi ɗaya a gabansa, kuma shi ne watan noma, lokacin da ba a samun ko dusa a gidan kowa. Na sake tattarawa, na kasa ba tare da baki ɗaya ƙarami ba. Ya kai. Da ƙyar, amma ya kai.

Iya tana zaune a bakin ƙofarta tana kallona tun farko. Ba ta iya lissafi da baki ba, amma ta ga abin da hannuna ya yi.

"Wa kika cire?"

Na ci gaba da tattara kashin.

"Tabawa, da ke nake. Wa kika cire a kashin nan?"

"Iya, wadda take da inda za ta je ta ci."

"Ni za ki cire. Na ci nawa rabon a duniya, haƙorana ma sun gaji."

"In na cire ki, ina zan kai ki, Iya?"

Ta juya mini baya ta shiga ɗaki. Ku duba da kanku, ku da kuka yi karatu. Asabe tana nono. Garba ba zai iya tafiyar yini ɗaya ba, kuma ba wanda ya nemi riƙonsa. Dangi na kusa duk ruwan nan ya ci su kamar yadda ya ci mu, kowa yana neman inda zai kai nasa. Mutum ɗaya ce a gidan nan aka zo har gida aka ce a ba da ita za a ciyar da ita.

Da na gaya wa babanku ya ce, "Allah ne mai ciyarwa, ba ƙoƙonki ba."

Na ce, "Shi ne, Malam. Shi ya ba ni hannun kuma. Ka zo ka kasa da kanka, in ya kai da mu shida na yi shiru har abada."

Ya tsuguna ya kasa. Sau biyu ya yi. A na biyun ya riƙa ƙwange awon yana satar ido ko ina gani, duk da haka bai kai ba. Ya miƙe ya karkaɗe hannu.

"Yayarki ce ta nema, 'yarki ce. Ni ba zan ce a tafi da ita ba, ba zan ce a bar ta ba."

Haka ya bar mini ita a hannu. Ban taɓa riƙe shi da wannan ba, Allah ya jiƙansa, amma ku sani haka aka yi. Na goya Asabe na taka har Darki da ƙafata na gaya wa Delu.

Ranar Juma'a suka zo da safe, za su bi motar kasuwa daga Wudil zuwa gabas, inda kuɗin mota ya ƙare su ci gaba da ƙafa. Delu ta kawo mata sabon zane. Matan maƙwabta suka cika gidan. Ni ina bakin turmi ina daka, don ban san inda zan sa hannuwana ba, kuma idon kowa yana kaina a ga ko zan yi rashin kunya a kan 'yar fari. Kabewa mai wuya uku suka rage mini, na ɓoye su don ranar da wani zai kwanta ciwo. Na zaɓi wadda ta fi nauyi na ajiye a bakin turmi, na ce wa Delu ga guzuri. Hansai ta rigaye ta ɗauka. Ta ɗora ta a tafin dama, ta miƙa hagu babu komai a kai, ta rufe ido tana ɗaga su sama da ƙasa yadda take gani ina yi.

"Tabawa, wannan ta kirki ce, ta rinjayi dutse."

Mata suka fashe da dariya. Ta ce in ta dawo za ta kawo mini dabino, ta kawo wa Iya carbi amma sai ta daina yi mata rowar tuwo. Iya ba ta fito ba. Na ce, "Ke, ki bi Innarki, kada ki yi mata ƙiwuya." Iyakar abin da na faɗa mata ke nan. Na ci gaba da daka. Ban ɗaga kai ba, wannan gaskiya ne, masu faɗa ba su yi ƙarya ba. Abin da ba su sani ba, gari ya daɗe da yin laushi a turmin nan, taɓarya kawai nake bugawa don kada in faɗi.

Babanku ya tafi birni. Muka shiga cin kashinmu, Juma'a zuwa Juma'a. Iya ba ta sake yi mini maganar ba, amma kullum in na kai mata fate sai ta ci loma biyu ta turo ƙoƙon waje. Na roƙe ta, na yi mata kuka, na ce awon da ita na yi shi.

"Ki mayar randa. In ya taru sai ki aika a dawo mini da yarinyata."

"Iya, dafaffe ba ya komawa randa."

"To ki daina dafa nawa."

Na ƙi, ta ƙi. Da na ga abinci yana lalacewa a bakin ƙofarta sai na koma dafa mata rabi, rabin ma ba ta cinyewa. Ta rame har zobenta ya riƙa zamewa. Da zafin bazara ya tsananta ta kwanta, kafin ruwan farko ta cika. Babanku ya dawo aka yi mata sutura, washegarin sadakar uku ya ɗauki sanda ya nufi gabas, tunda yanzu akwai rabon baki ɗaya a gida. Ya je Azare, ya je Potiskum, yana tambayar wanzamai. A can wani ya ce masa ya san su, da mace da 'yar yarinya mai surutu, amma sun daɗe da wucewa Yarwa ta ƙasar Barno, daga nan kuma ba wanda ya san hanyar da suka bi. Hadari ya fara haɗuwa, gona tana jiran shuka, ga mu uku a gida. Ya juyo.

Muka kai tumu. Ba wanda ya sake mutuwa a gidanmu, alhali a unguwarmu an binne yara a daminar nan, ba zan kira gidajen ba. Ranar da aka gasa tumun farko na leƙa randa, sai ga busasshiyar kabewa a ƙasanta, ga sauran gari a tukunya. Rabon Iya ne da ba ta ci ba. Da na sani da na bar shi haka nan. Amma hannuna bai iya ganin abu bai auna ba. Na ɗauko ƙoƙon na kasa shi da awon yaro, na koma baya da lissafi har ranar da motar nan ta tashi. Da an haɗa da ɗan abin da za mu ƙara matsewa, da ya ishe ta. Na zauna a gaban kashin nan har inuwa ta juya. Daga baya na dafa muka ci, don ba a zubar da abinci.

Sau ɗaya muka ji labarinsu. Bayan shekaru wani alhaji da ya dawo ta ƙasa ya ce ya ga Delu a gonakin auduga na Sudan, Malam Ilu ya rasu, tana tare da wata doguwar budurwa baƙa. Bai tambayi sunanta ba. Da Garba ya je Makka a jirgi ya bi unguwannin mutanenmu na can yana tambaya har ƙafarsa ta kumbura, bai samo komai ba.

Ba na neman kowa ya ce na kyauta. Awona daidai ne, in aka sake zube mini kayan nan yau a kan tabarma abin da zai fito ke nan. Na san nauyin kabewa, na san abin da cikin yaro yake ɗauka, na san tsawon bazara. Kwanan Iya ne ban sani ba, kuma ba a ba ni shi in ɗaga ba.

Mutanen wannan shekara sun ƙare. Babanku ya tafi, matan da suka yi dariya a tsakar gida sun tafi, ta ƙarshensu bara waccan aka binne ta a Sabon Gari. Delu ko ba a gaya mini ba na san shekaru sun kai ta. Saura ni, sai Garba da bai tuna komai ba, sai Asabe da take goye a bayana a lokacin. Mu uku ke nan da na tabbatar. Hansai kuwa kullum in na idar da salla ina yi wa matattu addu'a daban, rayayyu daban, sai in tsaya a kanta ban san inda zan sa ta ba. Ki rubuta ta a cikin masu rai.